Danshi da Iska a Akwatin Maciji: Tambayoyin da Masu Kiwo a Kebbi Suka Fi Yi

Kiwon maciji a gida ba al'adarmu ba ce. Abin da muka tashi muka sani shi ne gardi da kwandonsa ranar kasuwa, sai kuma manomin da ya taka kububuwa a fadama aka ɗauko shi ranga-ranga. Duk da haka akwai ɗaiɗaikun mutane a Birnin Kebbi da Argungu da Yawuri da suke ajiye maciji marar dafi a akwati, wasu saboda karatu, wasu kuwa sha'awa ce kawai. Ni ma ina cikinsu, kuma tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi maimaita mini, wasu baki da baki, wasu ta waya. Kusan dukkansu suna komawa ga matsala guda, wato shawarwarin da ake karantawa a intanet an rubuta su ne domin gidajen Turai da Amurka, inda yanayin ɗaki ba ya yin nisa da yadda yake daga wata zuwa wata. Mu kuwa shekararmu tana ɗauko mu daga iskar da ke tsaga leɓe a watan Janairu, ta kai mu ga wadda ke sa takalmi fumfuna a ƙarƙashin gado a watan Agusta, don haka dole akwatin maciji ya riƙa canza tsari yadda mu ma muke canza tufafi.

Wane irin maciji ake magana a kansa?

Mafi yawan bayanin nan ya shafi ƙaramar mesar nan da ke dunƙulewa kamar ƙwallo idan ta tsorata, wadda masana ke kira Python regius. Asalinta Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, tsawonta bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba, ba ta da dafi, kuma idan ta samu kulawa tana kai shekara 20 zuwa 30 a raye. Babbar mesa da ke haɗiye akuya ba ta zaman akwatin ɗaki. Kububuwa da kasa da kumurci da gamsheƙa kuwa ba na shiga maganarsu ko kaɗan, domin wanda ya ajiye su a gidan da ke da yara ya yi ganganci da rayukan da ba nasa ba.

Ya kamata kuma a sani cewa mesa tana cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES ta sa wa ƙa'ida wajen cinikinsu tsakanin ƙasashe, kuma Nijeriya tana da dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tun 1985. Kafin mutum ya karɓi mesa daga hannun kowa, ya fara zuwa ofishin gandun daji na jiharsa ya ji matsayin doka.

Mene ne ainihin danshin iska, kuma me ya sa lambar ma'aunin danshi take hawa da sauka ko ban taɓa komai ba?

Lambar da ma'auni ke nunawa tana faɗin yawan tururin ruwan da ke cikin iska ne idan aka gwada shi da iyakar abin da iskar za ta iya ɗauka a daidai wannan zafin. Iska mai zafi ta fi mai sanyi ɗaukar ruwa. A digiri 20 na ma'aunin Salshiyas, iskar da ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowane ɓangare tana iya riƙe kimanin giram 17 na ruwa. A digiri 30 tana riƙe kimanin giram 30. A digiri 40 kuwa ta haura giram 50. Saboda haka iskar da ta nuna kashi 60 cikin ɗari a gefen akwati mai digiri 25, idan ta matsa zuwa gefen da ke da digiri 32 za ta nuna kusan kashi 40, alhali ko ɗigo ɗaya bai fita daga cikinta ba. Wannan ne ya sa lambar take hawa da asuba, ta faɗo da azahar. Hawa da saukar nan ba abin damuwa ba ne muddin ba ta zauna a ƙasa ƙwarai ko a sama ƙwarai kwana da kwanaki ba.

To, kashi nawa ake nema?

Ga ƙaramar mesa, a nemi kashi 55 zuwa 70, a ɗaga zuwa 70 ko 80 idan ta shiga saɓa. Macijin masara na Amurka da macijin gida na Afirka sun fi sauƙin kai, kashi 40 zuwa 60 ya wadatar da su. Gefen ɗumi na akwatin mesa ya kasance digiri 31 zuwa 33, gefen sanyi 25 zuwa 27.

Malam, ai wannan dabba a dajin ƙasarmu take rayuwa, kuma ba wanda ke fesa mata ruwa a can. Me ya sa hunturu zai dame ta a akwati?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace ma'ana, kuma wanda ya fahimci amsarta ya fahimci rabin kiwon. Mesa tana zaune a ƙasar da hunturu ke busarwa, amma ba a cikin iskar hunturun take wuni ba. Wuninta a ramin gafiya ne ko na kusu, ko a cikin tsohon suri da gara ta bari, sai dare ya yi ta fito. Duk wanda ya taɓa haƙa ramin gafiya da rani ya san cewa da zarar hannu ya nutsa kamu biyu ko uku, ƙasar ta daina ƙuna, tana da sanyi-sanyi da 'yar laima, ko da saman ya bushe ƙarau. Suri kuwa gini ne mai hanyoyin iska a cikinsa, yana numfashi ta bangonsa, yana kuma riƙe danshi, domin gara ba ta jure bushewa.

Abubuwa uku ne suka haɗu a irin wannan maɓoya: iska mai laima, ƙasa wadda ba ta caɓe ba, da numfashin da ba ya yankewa. Idan muka ɗauko dabbar muka sa ta a akwatin gilashi mai murfin raga a ɗakin siminti, mun raba ta da ramin, mun bar ta da iskar tsakar gida wadda da rana a watan Janairu ko Fabrairu takan sauka ƙasa da kashi 20. A daji tana da zaɓi, ta nutsa ko ta hau. A akwati kuwa sai abin da muka ba ta. Aikin mai kiwo shi ne ya mayar mata da ramin gwargwadon iyawarsa.

Wane ma'auni zan saya, kuma ta yaya zan san yana faɗin gaskiya?

A nemi ƙaramin ma'auni mai batir da ke nuna zafi da danshi a lokaci guda. Masu sayar da kayan ƙyanƙyasar ƙwai suna da shi, domin masu kiwon kaji ma abin da suke dubawa ke nan. Mai allura da ake liƙawa a bango na daina yarda da shi; na taɓa sayen guda biyu a shago ɗaya, na jera su a kan tebur, ɗaya ya ce 35, ɗaya ya ce 58. Banda ƙarya, gam ɗin bayansa yana iya saki ya manne a jikin maciji ya ɗaye masa fata.

Gwajin gishiri shi ne hanya mafi arha. A cika murfin kwalba da gishirin miya, a ɗiga masa ruwa kaɗan har ya yi kamar jiƙaƙƙen yashi, kada ya narke. A sa murfin da ma'aunin tare a cikin robar abinci mai murfi mai kamawa, ko leda mai zif, a rufe ruf, a ajiye a inuwa daga safe zuwa dare, ko ma a bar shi ya kwana. Jiƙaƙƙen gishiri yana tsayar da iskar da ke kewaye da shi a kashi 75. Idan ma'aunin ya nuna 70, ka san yana rage biyar, sai ka rubuta haka a ɗan tef ka liƙa a bayansa. Ina maimaita wannan gwaji sau biyu a shekara, farkon hunturu da farkon damina.

Wurin ajiye ma'aunin shi ne ƙasa, kusa da shimfiɗa, a tsakiyar akwati ko wajen gefen sanyi, nesa da kwanon ruwa. Wanda aka maƙala a sama kusa da murfi yana ba da labarin iskar da macijin ba ya shaƙa.

Hunturu ya shigo, ma'aunina ya tsaya a 25. Me zan yi?

Zan fara da kuskuren da na yi a hunturuna na farko. Da na ga lambar ta ƙi tashi, sai na ɗauko tef na toshe duk ramukan akwatin, na riƙa fesa ruwa safe da yamma har shimfiɗar ta yi sharkaf. Lambar ta hau 90, na yi murna. Bayan kamar kwana goma na buɗe murfin, wani wari irin na ɗakin da aka kulle jiƙaƙƙiyar tabarma a ciki ya buge ni, kusurwoyin sun yi farar fumfuna, da na juya mesar na ga cikinta ya yi jaja-jaja wajen wutsiya. Allah Ya taimake ni na gani da wuri, amma sai da ta yi saɓa biyu a kan busasshiyar takarda kafin fatar ta koma daidai.

Abin da nake yi yanzu ya fi wancan sauƙi. Na farko, shimfiɗa mai kauri, kamar tsawon yatsa, ta ɓawon kwakwa da aka daddatsa. Ba na jiƙa samanta. Ina zuba ruwa a kusurwa biyu ya gangara ƙasa, saman ya zauna a bushe, ƙasan yana sakin tururi a hankali kamar yadda ƙasar rami take yi. Na biyu, kwanon ruwa mai faɗi, domin faɗin fuskar ruwan shi ne ke ƙara tururi, ba zurfinsa ba. Idan aka matsar da shi kusa da gefen ɗumi lambar tana ƙara hawa. Na uku, kuma shi ne na fi dogara da shi, maɓoya mai laima. Kaskon ƙasa na gida, wanda ba a shafa masa komai ba, a fasa masa ƙofa a gefe, a goge bakin da dutse har ya daina kaifi, a jiƙa shi a bokiti na rabin awa, a kife shi a akwatin. Yumɓu yana shan ruwa ya riƙa sakinsa sannu-sannu, dabarar randa ke nan da kakanninmu suka sani. A ƙarƙashin kaskon za a samu laima sosai ko da sauran akwatin yana kashi 50. A ajiye wata maɓoyar busasshiya a ɗaya gefen, domin dabbar ta zaɓa da kanta.

Idan murfin raga ne, a rufe kashi biyu cikin ukunsa da leda mai kauri ko falle na roba, a bar sauran a buɗe. Feshi yana da amfaninsa, amma a cikin hunturu abin da aka fesa yakan bushe kafin a gama karin kumallo, shi ya sa na mayar da shi taimako kawai. Wanda ya iya ajiye randa ko buɗaɗɗen baho na ruwa a ɗakin, ya kuma rufe tagar da ke fuskantar gabas da arewa inda iskar ke bugowa, zai ga akwatin ya daina wahalar da shi.

Sanyin dare ma abin lura ne. A ƙarshen Disamba da Janairu ɗaki yakan yi sanyin da ya fi ƙarfin mesa, kuma sanyi tare da jiƙaƙƙiyar shimfiɗa shi ne hanya mafi kusa zuwa ciwon huhu. Kada zafin akwati ya sauka ƙasa da digiri 23 ko 24 da dare.

Me ya sa ake tsananta maganar iska haka? Ai maciji ba ya numfashi da yawa.

Gaskiya ne ba ya cin iska kamar kaza ko zomo, kuma da wuya ya shaƙe saboda ƙarancinta. Matsalar tana wajen abin da ke taruwa a iskar da ba ta motsi: warin fitsari da kashi, ƙwayoyin cuta, da ƙurar fumfuna. Maciji ba shi da tantanin nan da ke raba ƙirji da ciki wanda mu muke tari da taimakonsa, saboda haka ba ya iya yin tari ya fitar da majina. Yawancin macizai huhu ɗaya ne ke yi musu aiki, na dama. Mesa tana da na hagu amma ƙarami ne. Abin da zai zame wa mutum mura ta kwana uku yana iya kwantar da maciji wata guda, ko ya kashe shi.

A ina zan huda ramukan, kuma guda nawa?

Iska mai ɗumi sama take yi, don haka a huda jeri ɗaya a ƙasa-ƙasa a gefen sanyi, sama da shimfiɗa kaɗan, a huda wani jerin a sama a gefen ɗumi. Sabuwar iska za ta shigo ta ƙasa, ta ratsa akwatin, ta fita ta sama, ba tare da fanka ba. Ramukan da aka tara duka a murfi suna zubar da ɗumi da laima, amma ba sa share iskar ƙasa inda dabbar take kwance.

A robar ajiye kaya, ƙusa da aka gasa a wuta tana huda rami mai santsi. A yi aikin a tsakar gida saboda hayaƙin robar, a huda daga ciki zuwa waje domin kaifin ya fita waje, a kuma shafa yatsa a kowane rami. Faɗin rami kada ya wuce milimita 4 ko 5, ga ɗan maciji kuwa ya fi haka ƙanƙanta, domin inda kai ya shiga jiki zai bi. Game da adadi, ba ni da lambar da zan ba kowa, tun da akwati ya bambanta, ɗaki ma ya bambanta. Shawarata ita ce a huda da yawa, gwargwadon bukatar damina, sannan a toshe wasu daga waje idan hunturu ya zo. Toshe rami aikin minti ɗaya ne, amma huda sabo yana bukatar a fitar da dabbar da kayanta duka. Tef ɗin da za a toshe da shi a ninka masa takarda a daidai ramin, kada gam ya leƙa ciki.

Idan kafinta ne zai yi akwatin katako, a gaya masa ya sa raga mai laushi irin ta tagar sauro, ta roba ko ta alminiyam. Wayar kejin kaji tana goge wa maciji hanci har ya yi gyambo. Katakon kuma a shafe shi da fenti ko banish mai hana ruwa, a bar shi a buɗe har warin ya tafi gaba ɗaya kafin a sa dabbar.

Damina ta sauka, yanzu kuma lambar ba ta sauka daga 85. Shin akwai haɗari?

Lambar ita kaɗai ba ta tayar mini da hankali. Mesa tana ganin irin wannan laima a daji duk damina. Abin dubawa shi ne ko shimfiɗa tana bushewa, ko akwai wari, ko fumfuna ta fara tsirowa. A Yawuri da garuruwan da ke bakin Neja, da kuma Zuru inda ruwa ya fi yawa, wannan matsala ta fi tsanani fiye da Argungu ko Birnin Kebbi, amma a watan Agusta kowa yana ɗanɗanawa.

Duk abin da aka yi a hunturu sai a warware shi. A cire ledar murfi, a buɗe duk ramuka, a daina zuba ruwa a kusurwa, a mayar da kwanon ruwa gefen sanyi, a canza shi da ƙarami idan ya cancanta. Kaskon nan a daina jiƙa shi. Ni daga tsakiyar Yuli zuwa Satumba nakan rage kaurin shimfiɗa, wani lokaci ma in koma tsohuwar jarida, domin ita da ta jiƙe za a gani nan take a canza. A ɗaga akwatin daga ƙasa a ɗora a kan tebur, a janye shi daga jikin bango kamar tafin hannu biyu, musamman bangon da ke tsotsar ruwa. Fankar ɗaki tana taimakawa idan tana juya iskar ɗakin, amma kada a saita ta tana hura cikin akwati kai tsaye.

Damina kuma lokacin tururuwa ne. Kiyashi da cinnaka suna bin ramukan iska su shiga, musamman idan an bar ragowar abinci ko kashi, kwarkwasa kuwa tana iya kashe maciji a dare ɗaya tun da ba shi da wurin gudu. A tsoma ƙafafun teburin a gwangwanayen ruwa, a tabbata ba labule ko wayar lantarki da ta taɓa akwatin ta zame musu gada.

Gilashin akwatina yana zufa da safe. Alamar danshi ya isa ke nan?

A'a. Zufar tana nuna gilashin ya fi iskar ciki sanyi ne kawai. Idan ta bushe kafin hantsi, ba komai. Idan ta wuni tana gangarowa, iska ta yi kaɗan, a ƙara buɗe ramuka.

Bazara fa? Ɗakina kwano ne, kuma wuta ba ta zama.

A nan ne littattafan waje suka fi barin mu a hanya, domin su damuwarsu yadda za a ɗumama akwati ne, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu zafin waje yana haura digiri 40, ɗakin kwano marar silin kuma ya fi waje. Maciji ba ya zufa, jikinsa yana bin zafin wurin da yake. Idan duk akwatin ya wuce digiri 35 ya daɗe a haka, ba inda za ta raɓa, mesa tana iya mutuwa cikin awoyi kaɗan. Alamar farko ita ce a ga tana zagaye babu tsayawa tana tura murfi da hanci da tsakar rana, ko ta shige kwanon ruwa ta ƙi fita.

A kashe duk abin ɗumamawa. A kai akwatin ɗakin da ya fi sanyi a gidan, kuma a wannan lokacin tsohon ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi ginin bulo nesa ba kusa ba. A sauke shi ƙasa, akasin abin da na faɗa game da damina. Kafin ruwan farko iskar bazara a bushe take, don haka jiƙaƙƙen buhun algarara ko tawul da aka yafa a kan rabin murfin yana rage zafi ya kuma ƙara laima a lokaci guda. Wannan ita ce dabarar tukunya cikin tukunya da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa domin adana kayan lambu, har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. Kwalbar ruwan sanyi da aka naɗe da tsumma aka ajiye a kusurwa ɗaya tana ba da mafaka na 'yan awoyi. Kada a jefa ƙanƙara a kwanon ruwa, kada kuma a rufe akwatin ruf da jiƙaƙƙen zane, domin zafi da laima ba tare da mafitar iska ba turare dabbar za su yi kamar dambu. Mai na'urar sanyaya ɗaki ya tuna cewa tana tsotse ruwan iska, sai ya bi matakan hunturu ko da a watan Afrilu ne.

Muna da ƙaiƙayin shinkafa birjik a Kebbi. Zan iya shimfiɗa shi? Yashi ko dusar katako fa?

Na san abin da ya sa ake tambaya, tun da masu kaji suna kwasarsa a injin casa kusan kyauta. Ban ba da shawararsa ba. Yana da ƙura da kaifi, yana maƙalewa a baki idan maciji ya cafki abinci, ba ya riƙe ruwa yadda ake so, kuma ba a san irin maganin ƙwarin da ya taɓa shi a gona ko a sito ba. Yashi yana busar da fata ya shiga hanci. Dusar katako daga wurin masu yankan katako gauraye take, ba a san itacen ba, kuma man da ke jikin wasu itatuwa masu ƙamshi yana cutar da huhun maciji. Ɓawon kwakwa shi ne na fi so. A wanke shi, a zuba masa tafasasshen ruwa, a shanya. Idan babu, takarda ta fi duk waɗancan ukun, sai dai a haɗa ta da kasko mai laima.

Macijina ya yi saɓa amma ta fita gutsi-gutsi, wata ta maƙale. In ɓare masa?

Saɓa ita ce shaidar da ba ta ƙarya game da danshin akwati. Lafiyayyar saɓa tana fita guda ɗaya, a juye kamar safar da aka cire. Kafin ta zo launin jikin yakan dushe, idanu su yi shuɗi-shuɗi kamar an zuba musu madara na 'yan kwanaki, sannan su washe, bayan wasu kwanakin fatar ta fita. Duka-duka sati ɗaya zuwa biyu. Daga ranar da aka ga idon ya canza ya kamata a ɗaga laima, kada a jira ranar fitar. Ƙananan macizai masu girma suna yi kusan kowane sati huɗu zuwa shida, manya kuwa 'yan lokuta a shekara.

Idan ta maƙale, kada a ja ta a bushe, kada kuma a shafa man kaɗanya ko man gyaɗa ko basilin kamar yadda muke yi wa faso. A jiƙa tawul da ruwa mai ɗumi-ɗumi, wanda ba ya ƙona bayan hannu, a matse, a sa shi a roba mai ramuka, a sa macijin a rufe na minti 20 zuwa 30. Yana kutsawa cikin tawul ɗin fatar za ta riƙa saɓulewa. A duba bakin wutsiya da kyau, domin zoben tsohuwar fata da ya zauna a wurin yana matse jini har ƙarshen wutsiyar ya mutu ya faɗi. A duba saɓar da ta fita a ga ko murafun ido biyu suna jikinta. Idan ɗaya ya zauna a idon, kada a sa farce ko hantsaki. A ƙara laima a jira saɓa ta gaba, in bai fita ba a kai wa likita.

Hayaƙin maganin sauro da turaren wuta suna shafar sa?

Ƙwarai kuwa, kuma ramukan da muka huda domin iska su ne ƙofar shigarsu. Maganin ƙwari na feshi, da na kunnawa, da ruwan fiya-fiya da ake yayyafawa a kusurwar ɗaki, duk guba ne ga maciji, kaɗan ma ya isa ya sa shi karkarwa da murɗewa. Ɗakin da akwati yake a yi masa ragar taga da gidan sauro, a hana shi feshi. Haka kaskon garwashi da ake shiga da shi ɗaki lokacin ɗari, da hayaƙin janareta da aka ajiye a gindin taga. Turaren wuta kuwa sai an yi sulhu da uwargida, ko dai akwatin ya bar ɗakin ko kaskon turaren.

Yaushe zan daina dabarar gida in nemi likita?

Idan aka ji ƙara ko shessheƙa a numfashinsa, ko aka ga kumfa ko yauƙi a baki da hanci, ko yana buɗe baki yana ɗaga kai sama ya daɗe a haka, wannan ciwon huhu ne kuma gyaran akwati shi kaɗai ba zai warkar da shi ba. Haka idan ɓawon cikinsa ya yi ƙuraje masu ruwa ko ya fara baƙi yana ɗagowa. Kafin a samu likita, a mayar da shi kan busasshiyar takarda mai tsabta, a tabbata gefen ɗumi yana digiri 32, a bar masa ruwan sha. Kada a ba shi maganin kaji ko kafso na mutane da ka, domin awon maganin maciji daban ne kuma ƙodarsa ba ta da juriya.

Likitocin dabbobi na kusa da mu sun fi sabawa da shanu da tumaki da kaji, don haka a fara kira a tambaya ko za su duba maciji. Ga mutanen Kebbi, asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato shi ne mafi kusa, akwai kuma na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. A tafi da takardar da ake rubuta zafi da danshi na kowace rana idan ana yi, da saɓar ƙarshe a cikin leda. Shi kuma macijin a sa shi a jakar matashin kai ta auduga, a ɗaure bakin, a sa jakar a roba mai ramuka, a riƙe ta a cikin mota inda inuwa take. Kada a sa ta a but, kuma a kama hanya da sassafe kafin kwalta ta ɗauki zafi.